Kwali mai zanko: tarihin wani mazubin madara

Duk wanda ya saba kallon finafinan Amurka ya san abin nan: mutum ya buɗe firigo da safe, ya ɗauko wani dogon kwali mai kusurwa huɗu, samansa kamar rufin kwano mai gangara biyu, ya buɗe masa baki ya tsiyaya madara. Turawa suna kiransa da sunan wannan rufi. Mu da muka tashi cikin soro da ɗakin jinka ba mu da kalma ɗaya tak ta irin wannan rufi, shi ya sa a nan zan ce masa kwali mai zanko, don wannan tsinin da aka liƙe a samansa ya fi kama da zankon zakara. In wani abokin karatu yana da sunan da ya fi, bismilla.

Tarihinsa ya soma ne daga matsalar da ta kashe yara. A tsakiyar ƙarni na 19, a manyan biranen Amurka irin su New York, mai madara yakan zo da garwa da ludayi, ya auna wa kowa cikin kwanonsa. Ƙura tana shiga, ƙuda yana shiga, masu ha'inci suna ƙara ruwa. Wasu shanun ma a gefen gidajen dafa barasa ake tsare su, ana ba su dusar da ta rage, madararsu tana fitowa tsararo. Jarirai suna sha suna mutuwa da zawo. A 1884 wani mai sayar da magani, Hervey Thatcher, a garin Potsdam na jihar New York, ya fito da kwalbar madara mai marfi. Daga baya birane suka soma tilasta a dafa madara kafin a sayar, Chicago ta yi dokar a 1908. Kwalba da dahuwa sun rage mutuwar ƙwarai.

Sai dai kwalba tana da nata wahalar. Tana da nauyi, tana fashewa, kuma dole ta koma izin a wanke ta a sake cikawa. Ke nan motar da ta kai madara ba za ta dawo wayam ba, kaya biyu take ɗauka. Duk wanda ya taɓa ajiye kuɗin jingina a butik kafin a bar shi ya tafi da kwalbar lemo ya san wannan lissafin. Akwai kuma wani abu da ɗan lissafi zai gane da wuri: in ka jera abu mai da'ira cikin akwati, kusan kashi ɗaya cikin biyar na wurin iska ce kawai ke zaune a ciki. Mai kusurwa huɗu kuwa manne wa ɗan'uwansa yake.

Mutumin da ya kawo mafita ba makiyayi ba ne, ba kuma mai sayar da madara ba. John Van Wormer mai masana'antar kayan wasan yara ne a Toledo, jihar Ohio. A 1915 ya samu takardar mallakar wani abu da ya kira kwalbar takarda: kwali ne da ake yankewa, a yi masa layukan naɗi, a kai shi izin a shimfiɗe kamar takardar wasiƙa. Can ne za a miƙar da shi, a liƙe gindi, a tsoma shi cikin narkakken kakin kyandir don kada ya jiƙe, a cika, a naɗe sama. Sunan kasuwa da ya bi shi shi ne Pure-Pak. Wannan kalmar ta farko, mai nufin tsarki, ita ce dai muke furtawa kullum in muka ce a ba mu piya wata. Ashe tun shekara ɗari da suka wuce, duk mai son sayar da abin sha cikin sabon mazubi da tsabta yake fara yin rantsuwa.

Abin da ya fi ja hankalina a labarin shi ne jinkirinsa. Dabarar naɗa kwali ba ta da wuya, yaro ma zai iya da almakashi. Wuyar tana wajen injin da zai naɗa dubbai a awa ɗaya ba tare da hannun mutum ya taɓa cikin ba. Kusan shekara ashirin aka yi ana fama, sai a 1934 kamfanin Ex-Cell-O na Detroit, wanda aikinsa ƙera injuna da kayan ƙarfe ne, ya karɓi ragamar. Ko a lokacin ma mutane ba su yi rububi ba. Matan gida sun saba ganin madararsu ta cikin gilashi, suna auna kyanta da kaurin man da ya taso a wuyan kwalba. Kwali ya ɓoye wannan. Ga shi kakin yakan ɓare ya faɗa cikin kofi, kuma ba a buɗe shi cikin sauƙi.

Abubuwa uku ne suka juya lamarin bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma biyu daga ciki ba su shafi kwalin kansa ba. Firigo ya shiga kusan kowane gida a Amurka, sai buƙatar a kawo madara ƙofar gida kowace asuba ta ragu. Manyan kantuna suka yawaita, su kuma ba sa son rigimar karɓar kwalabe. Na ukun shi ne gyaran kwalin: aka tsara naɗin saman yadda in ka ware kunnuwa biyu ka tura su baya, baki mai tsini zai fito da kansa, sannan aka bar kaki aka koma shafa siririyar roba ciki da waje, wadda zafi kaɗai ke liƙe ta. Wannan naɗin, a ganina, shi ne gwanintar duka. Takarda guda ce ta zama marfi, ta zama bakin buta, ba a ƙara komi ba. Marfin roba mai murɗawa da aka soma liƙa masa daga baya ya sauƙaƙa wa mai sha, amma ya rage masa wannan kyan.

Kwalin ya haye Turai ta Norwe. A 1957 aka kafa Elopak a ƙauyen Spikkestad, kuma sunan nasa ba komi ba ne illa taƙaitaccen bayani da Ingilishi cewa shi ne mai lasin Pure-Pak a Turai. A 1987 mai hayar ya saye sashen kwali na Ex-Cell-O ɗungurungum, bara ya gaji ubangidansa. Maƙwabtansu na Suwidin kuwa wata hanya suka bi. A birnin Lund, Erik Wallenberg ya ƙirƙiro mazubi mai fuska huɗu a 1944, Ruben Rausing ya kafa Tetra Pak a kansa a 1951. Su ma sun fitar da nasu mai zanko, Tetra Rex, amma abin da ya kai su duniya shi ne kwali mai siffar bulo wanda ya fito a 1963, da irinsa na 1969 mai ajiye madara ba sanyi.

Kafin in zo kan wannan bambanci, ga wasu abubuwa biyu da fuskokin kwalin suka ɗauka. A 1984 wani kamfanin madara a jihar Iowa ya soma buga hotunan yaran da suka ɓata a jikin kwalayensa, abin ya bazu Amurka, yara suna karin kumallo suna kallon fuskar tsararsu. A Japan kuma ana yi wa zankon kwalin madara zalla wata ƴar tsaga, don makaho ya shafa ya bambanta shi da na lemo, ya kuma san ta wane gefe bakin yake. Mu ɗaliban ilimin harshe sai mu ce rubutu ne da ba ya buƙatar ido.

To me ya hana shi zama a kasuwar Yamai, Maraɗi ko Damagaram? Amsar tana cikin zafin dahuwa. Madarar da aka saba zubawa cikin mai zanko ana ɗumama ta ne wajen digiri 72 na daƙiƙa 15. Wannan yana kashe ƙwayoyin da ke sa cuta, amma ba ya kashe duka, don haka dole ta zauna cikin sanyi tun daga izin har bakin mai sha, kuma kwanakinta ƙidayayyu ne. Ta cikin bulo kuwa ana kai ta sama da digiri 135, a zuba ta cikin kwali mai shimfiɗar alminiyom da ke tare haske da iska, ta yi watanni a kan kanta. Yanzu ku sa watan Afrilu a rai, rana ta haura digiri 40, kuran ya ɗauke tun azahar. Mai zanko ba zai kai la'asar ba. Shi ya sa abin da ya iso mana shi ne bulon lemo, da gwangwanin madarar gari, da ledar nono mai sanyi wadda da yawanmu muke kira solani ko da wane kamfani ne ya yi ta.

Harshenmu ma ya nuna hanyar da muka bi. Mun raba madara da nono da kindirmo, kuma abin da Bafulatana ke kawowa kasuwa cikin ƙwarya yawanci nono ne, ba madara ba, don tsami shi ne firigon da kakanninmu suka sani. Ƙwarya ana wanke ta a sake amfani da ita kamar kwalbar Thatcher. Leda ita ce ta karɓi aikin da kwalin Van Wormer ya yi a can, wato a sha a yar, ba komawa. Ta fi shi araha nesa ba kusa ba, shi ya sa ɗalibin da kuɗinsa kaɗan ne yake iya saye. Amma a Japan ana wanke kwalin a farke shi a mayar, a yi takardar bayi da zarensa. Tamu ledar iska ce ke kwashe ta, ta rataye a ƙayar aduwa, ta toshe magudanar ruwa da damina, wata kuma mahauta su tarar da ita cikin tumbin saniyar da aka tatsa.