Masu Gudun Titi a Arewa da Iskar Hunturu

Duk wanda ya taɓa shiga tseren titi a Kano ko Zariya tsakanin Disamba da Fabrairu ya san cewa kafin ya kara da kowa sai ya kara da iska. Daga arewa maso gabas take tasowa, ta kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta iso mana da asuba tare da sanyi da hazo. A wannan lokacin kuwa muke yin yawancin gasanninmu, don babu mai horarwa da zai tara yara su yi kilomita 10 a zafin Afrilu. Shi ya sa tarihin gudun fanfalaki a Arewa ba ya rabuwa da hunturu.

Wurare biyu ne suka raini wannan wasa a wajenmu: makarantar kwana da bariki. A makarantun gwamnati na da, irin su Barewa a Zariya da Rumfa a Kano, gasar gidaje ba ta cika sai an yi kuros-kantiri. A fito da ɗalibai, mai so da marar so, a bi da su ta gonakin da aka girbe, a ƙetare rafi, a dawo ƙofar makaranta. Malamin wasanni yana tsaye da usur da littafi, kuma daga wannan littafin ake tsamo wanda zai wakilci lardi, daga baya jiha. Bariki kuma gudun asuba aikinsa ne na kullum. Yaron da ya nuna ƙafa a makaranta sai soja ko 'yan sanda ko gidan yari su ɗauke shi aiki, ya sami albashi da abinci da lokacin atisaye. Haka Habasha ta yi da nata. Abebe Bikila, wanda ya ci zinare a Rum a 1960 ba takalmi, sojan fadar sarki ne.

Ta wannan hanya muka sami Abbas Mohammed, soja, wanda shi da Yohanna Waziri suka yi wa Najeriya gudun kilomita 42 a gasar Olamfik ta Seoul a 1988. A 1990, a Legas, Abbas ya gama wannan tazara cikin awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6, bajintar da ta shafe sama da shekara 30 babu ɗan ƙasa da ya karya ta. Ana faɗin wannan da alfahari, ni kuwa takaici yake ba ni, don yana nuna tsawon lokacin da muka yi a tsaye. Maƙwabtanmu na Nijar ma suna da nasu gwarzon, Abdou Manzo, wanda ya je Olamfik har sau uku, 1988 da 1992 da 1996.

Daga nan abin ya ja baya. Makarantun kwana suka lalace, filaye suka zama shaguna, ƙwallon ƙafa ta kwashe yara da 'yan kuɗin da ake ware wa wasanni. Abin da ya saura shi ne ƙananan kulob-kulob na sa kai, kuma a cikinsu ne na yi yawancin shekaruna.

Ga yadda tseren kulob yake. Ana idar da sallar asuba a hallara. Rajista a kan benci ake yi, lamba kuwa a rubuta ta da maka a jikin ƙyalle, a maƙala da fil. Kowa ya shafa basilin a leɓe da ƙofar hanci, wasu har da dugadugi saboda faso. Rabin yaran kambas ɗin gwanjo ne a ƙafarsu. Babur ɗaya ya shiga gaba yana buɗe hanya, wani ya biyo baya da buhun fiya wata. A wurin juyawa akwai mutum da tawada yana ɗiga wa kowa a hannu, don kada wani ya yanke hanya. A ce daga Kabuga aka tashi aka nufi sabuwar Jami'ar Bayero ta hanyar Gwarzo: a tafiya iska tana bayanka, jiki ya yi sakayau, sabon shiga ya ɗauka yau ranarsa ce, ya tsere wa kowa. Ana juyowa sai labari ya sha bamban. Iskar da ta turo shi ita ce yanzu a ƙirjinsa, ƙura a ido, maƙogwaro ya bushe, kafaɗu su ɗage, taku ya gajarce. Kafin kilomita biyu tsofaffin hannu sun cim masa a dunƙule, su huɗu ko biyar, kowa ya lafe a bayan wani kamar jerin raƙuman fatake, na gaba ya ja na ɗan lokaci ya koma baya, wani ya karɓa. Daga kan babur za ka ji koci yana ihu: "Kai yaro, shiga bayan dogon nan! Kada ka sha iska kai kaɗai!"

Wannan ilimi ba a aji muka koye shi ba, amma shi ne dai manyan duniya suke aiki da shi. Ranar 12 ga Oktoban 2019, da Eliud Kipchoge ya yi kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana, jerin 'yan gudu aka tsara a gabansa suna tare masa iska, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ba a karɓi lokacin a matsayin bajintar duniya ba. Haka a Boston a 2011, Geoffrey Mutai ya yi awa 2 da minti 3 da daƙiƙa 2 iska tana bayansa, aka ƙi lissafa shi, saboda hanyar tana gangara kuma mafarinta da ƙarshenta sun yi nisa da juna fiye da ƙa'ida.

Manyan gasanni sun zo daga baya da kuɗi masu kauri. Tseren dutsen Obudu ya fara a 2005, na Okpekpe mai kilomita 10 a 2013, na birnin Legas a Fabrairun 2016 da kyautar dala 50,000, wadda Abraham Kiptum na Kenya ya tafi da ita. Kaduna ta yi nata na kilomita 21 a Nuwamban 2020, nan ma 'yan Kenya ne suka zo na ɗaya. Ban ga laifin gayyato baƙi ba, don ganin gwani yana ƙara wa yaro himma. Damuwata ita ce a kashe miliyoyi a safiya guda, sannan a bar sauran watanni goma sha ɗaya ba tsere ko ɗaya a unguwa.

A duba waɗanda suke fitar da mu kunya a ajin 'yan gida. Yawancinsu daga Filato suke, irin su Emmanuel Gyang da Deborah Pam da Iliya Pam. Ana cewa tsaunin ne, kuma da gaskiya a ciki, don Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku. To amma Iten ta Kenya ta ninka haka, Mambila ma ta fi Jos tudu. Abin da Jos da Pankshin suka riƙe shi ne kulob da koci da atisayen rukuni da ba ya yankewa, ko ana muku-mukun sanyi. Yaron Katsina ko Sakkwato bai rasa huhu ba, wurin gwada kansa ya rasa.

Tseren kilomita 10 na kulob ba ya buƙatar filin wasa. Yana buƙatar hanyar da aka auna da kyau, jami'an da za su tare motoci na awa ɗaya, ma'aikacin lafiya, ruwa, agogo, da littafin da za a rubuta lokacin kowa a adana. A ware rukunin 'yan mata da na 'yan makaranta, da yardar iyaye. Ina kira ga hukumomin wasanni na jihohinmu, da shugabannin makarantu, da attajiran da ke ɗaukar nauyin kofin ƙwallo a unguwanni: ku sa mana tsere ɗaya kowane wata daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a kowace ƙaramar hukuma da za ta iya, ku kuma nemo tsofaffin 'yan gudunmu da ke zaune a gida su riƙe agogon.