Sun Ce Sun Tafi, Kayansu Kuma Na Kasuwa

A watan Oktoban 1986 Majalisar Amurka ta kafa dokar takunkumi kan gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, duk da Shugaba Reagan ya hau kujerar na-ƙi. Kafin shekarar ta ƙare, General Motors da IBM da Coca-Cola da bankin Barclays duk sun ce za su tattara nasu-ya-nasu su fice.

To, amma wace irin fita aka yi? General Motors ya sayar wa manajojinsa masana'antarsa ta Port Elizabeth, aka raɗa mata suna Delta, ta ci gaba da haɗa motocin Opel. Coca-Cola ya mayar da wurin haɗa sinadarin lemonsa maƙwabciyar ƙasa Swaziland, kwalaben kuwa ba su bar shaguna ba. Bayan faɗuwar mulkin wariya, General Motors ya dawo ya sayi kaso a Delta a 1997, ya mallake shi duka a 2004.

Abin da ya fi yi wa gwamnatin ciwo ya faru tun 1985, lokacin da bankin Chase Manhattan ya ƙi sabunta wa kamfanoni da bankunan ƙasar rance, sauran bankuna suka bi sahu. Darajar kuɗin rand ta zube, a watan Satumba gwamnati ta dakatar da biyan wasu basussukan da ƙasashen waje ke bin ƙasar. Duk mai harkar goro ko shanu a nan Sabo ai ya san wannan: sauya allon shago ba ya tsayar da ciniki, amma ranar da aka daina ba ka kaya bashi, dole ka nemi sulhu.