Makiyayan Endorois da Tafkin Bogoriya

Yau za mu leƙa ƙasar Kenya, wajen wasu makiyaya da ake kira Endorois.

Tun kaka da kakanni suna zaune a kewayen tafkin Bogoriya. Can dabbobinsu ke lasar gishiri, can suke samun ciyawar rani da itatuwan magani, can kuma kaburburan iyayensu suke. Duk wanda ya taɓa kora garke zuwa Ingal lasar gishiri ya san abin da wuri irin wannan yake nufi ga mai dabba.

A shekarar 1973 gwamnati ta mai da wurin gandun namun daji, don masu yawon buɗe ido su zo kallon tsuntsayen filamingo da maɓuɓɓugan ruwan zafi. Aka tashi mutane. Aka yi musu alkawarin diyya, da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin shiga, da mafi yawan ayyukan gandun. To, alkawari dai ga shi nan. Sai a 1986 aka biya iyalai 170 cikin 400, kuɗin ma bai taka kara ya karya ba. Dabbobi kuwa suka yi ta mutuwa a busasshiyar ƙasar da aka tura su. Abin takaici, namun dajin da aka ce za a kare, ai tare da shanun nan suka rayu shekaru aru-aru ba su ƙare ba.

Ba su ɗauki makami ba. Dattawa suka kafa majalisar kula da walwalar Endorois, hukuma ta ƙi yi mata rajista, suka ci gaba. Suka kai ƙara babbar kotu a Nakuru, suka sha kaye a 2002. A 2003, da taimakon ƙungiyoyin kare haƙƙi, suka ɗaukaka maganar zuwa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul, Gambiya. Ba su da takardar mallaka ko ɗaya. Hujjarsu ita ce bakin tsofaffi: ga inda muke shayarwa, ga inda muke ibada, ga inda kakanmu yake kwance.

A watan Fabrairun 2010 Tarayyar Afirka ta amince da hukuncin: Kenya ta tauye haƙƙinsu, ta mayar musu da ƙasarsu, ta bar su su kai dabbobi tafki, ta biya diyya. An yarda ke nan cewa daɗewar al'umma tana kiwo a wuri mallaka ce, ko babu takarda.

Sai dai cin shari'a daban, karɓar haƙƙi daban. Gwamnati ta kafa kwamiti a 2014, amma ƙasar ba ta dawo hannunsu ba, kuma da yawa daga tsofaffin da suka ba da shaida sun riga mu gidan gaskiya.