Shahidan Namugongo: Samarin da Suka Miƙa Rayukansu Hadaya

A koyarwar addinin Kirista, sujada ba ta tsaya ga waƙoƙin yabo da addu'o'in ranar Lahadi ba. Ana koya wa mai bi cewa rayuwarsa ɗungum hadaya ce da yake miƙa wa Ubangiji. Tarihin Afirka ya adana labarin waɗansu samari na ƙasar Buganda, cikin Uganda ta yanzu, waɗanda suka riƙi wannan koyarwa har ta kai su ga wuta.

'Yan mishan na Angalika sun iso fadar Kabaka Mutesa na Ɗaya a 1877, na Katolika kuma suka biyo baya a 1879. Sun tarar Musulunci ya riga su, ta hannun fatake daga Zanzibar. Mutesa sarki ne mai wayo, ya bar kowa ya yi wa'azinsa a fada, amma bai lamunta wani ya fifita dokar addini bisa tasa ba. A shekarun 1870 ya sa an kashe samari Musulmi masu yawa, saboda sun ƙi cin naman da ba a yanka bisa ƙa'ida ba.

Da Mutesa ya rasu a 1884, ɗansa Mwanga ya gaje shi yana matashi. Lokacin kuwa Turawa sun fara rabon Afirka, saboda haka ya shiga zargin cewa yaran fada da suka karɓi sabon addini kunnuwan baƙi ne. A watan Oktoba na 1885 ya sa aka kashe Bishop James Hannington a Busoga, kan hanyarsa ta zuwa Buganda. Joseph Mukasa Balikuddembe, shugaban yaran fada, ɗan Katolika, ya dubi sarki ya gaya masa bai kyauta ba. Ran 15 ga Nuwamba aka fille masa kai.

Charles Lwanga ne ya ɗauki nauyin yaran bayansa. Abin da ya ƙara hura wutar shi ne, yaran da suka shiga addini sun ƙi yarda da lalatar da sarki ke nemansu da ita, alhali a al'adar fada ba a ce wa Kabaka a'a. A ƙarshen watan Mayu na 1886, da Lwanga ya ga alamar abin da ke tafe, sai ya yi wa waɗanda ke koyon addini baftisma da dare, har da Kizito, yaro ɗan wajen shekara 14. Kashegari sarki ya tara su, ya ce masu addu'a su ware gefe. Suka ware.

Aka ɗaure su, aka kora su a ƙasa zuwa Namugongo. Ɗaya daga cikinsu, Mbaga Tuzinde, ɗan gidan babban hauni ne, an yi ta lallashinsa ya janye ya tsira, ya ƙi. Ran 3 ga Yuni aka naɗe su cikin asabarin kara, aka cinna wuta, 'yan Katolika da 'yan Angalika wuri guda, suna addu'a. Tsakanin 1885 da 1887, waɗanda aka tabbatar da sunayensu su 45 ne: 22 'yan Katolika, 23 'yan Angalika.

Mwanga ya yi nufin tsoratarwa, sai ga shi masu neman baftisma sun ƙaru. A 1888 Kirista da Musulmi suka haɗa kai suka tumɓuke shi, ko da yake daga baya ya komo gadon sarauta. A 1964 Paparoma Paul na Shida ya sanya 'yan Katolikan nan 22 cikin tsarkaka, a 1969 kuma ya ziyarci Namugongo da kansa. Ranar 3 ga Yuni ranar hutu ce a Uganda, kowace shekara masu ziyara sukan taka da ƙafa daga Kenya da Tanzaniya da sauran maƙwabta, su yi sujada a inda aka ƙone samarin.