Bakatsinen da ya rubuta littafin lissafi a 1732

1/ Jama'a, a makaranta an koya mana Newton, wanda ya mutu a 1727. To mu nawa ne, daga Dandume har Funtua, muka san Muhammad al-Kashnawi? Sun yi zamani ɗaya fa.

2/ Bafulatanin Katsina ne, masanin lissafi da taurari. Ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a Masar.

3/ A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan hatimi. E, hatimin nan da malamanmu ke zanawa a allo.

4/ Gwada ka gani: jera 1 zuwa 9 a gida tara, kowane layi, a tsaye, a kwance ko a karkace, ya ba da 15. Shi kuwa ya bayyana ƙa'idar gina masu gida 25, 49, har sama.

5/ Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan malami Hasan al-Jabarti.

6/ Ni damuwata ita ce, rubuce-rubucen malamanmu na nan jibge a gafaka da akwatuna, gara na cinye su. Don Allah ku buɗe na kakanninku, ko hoto ne ku ɗauka da waya.