Sabuwar Gurna: Ƙauyen Ƙasa da Mutanensa Suka Ƙi Tarewa

A shekarar 1945, hukumar kula da kayan tarihi ta Masar ta yanke shawarar tayar da mutanen Gurna, kimanin mutum 7,000 da ke zaune a kan kaburburan Fir'aunoni daura da birnin Luksor, saboda satar kayan tarihi da ake zarginsu da ita. Aka ɗora wa masanin zanen gine-gine Hassan Fathy nauyin gina musu sabon matsuguni.

Fathy ya zaɓi bulon ƙasa da ake busarwa a rana. Tun a 1941 ya ga yadda maginan Nubiya a yankin Aswan ke ɗaura rufin baka da ƙubba da bulo zalla, babu katako babu ƙarfe, shi ya sa ya ɗauko su aikin. Hujjarsa ta tsada ce da ta lafiya. Katanga mai kauri takan shanye zafin rana ta riƙe, ba ta sakinsa sai dare ya yi sanyi, tsakar gida da kafofin iska kuma su riƙa sabunta iskar ɗakuna. Ƙasar tana ƙarƙashin ƙafar talaka, ba sai ya ci bashin siminti ba.

An gina masallaci da kasuwa da makaranta da dandalin wasanni da wani ɓangare na gidajen, sannan aikin ya tsaya a 1948. Akasarin mutanen sun ƙi tarewa, domin abincinsu yana kan tudun da ake son raba su da shi, kuma gwamnati ce ta yanke tashin ba su ba. Waɗanda suka zauna daga baya sun sha fama da ruwan ƙarƙashin ƙasa da gishirin da ke cin gindin katangu, da yawansu suka rushe suka sake da kankare.

Duk da haka tunanin Fathy ya yaɗu bayan fitowar littafinsa kan gini domin talakawa a 1973, aka kuma ba shi lambar yabo ta Aga Khan a 1980. A yau masu neman rage hayaƙin da masana'antun siminti ke fitarwa suna komawa ga ginin ƙasa. Abin da Gurna ta nuna musu shi ne, sai an kare tushen gini daga danshi, an kuma yi shawara da masu gidan kan inda za su zauna da sana'ar da za ta riƙe su a can.