Antimoni: Yadda maganin kala-azar ke taɓa tsokar zuciya

Antimoni sinadari ne mai kama da ƙarfe, lambarsa 51 a jadawalin sinadarai, kuma ƙasar Sin ce ta fi kowa haƙo shi. Ana saka shi a batirin mota da harsasai da kayan hana kamuwa da wuta. An daɗe ana cewa shi ne kwalli, sai dai akasarin kwallin gargajiya dutsen dalma ne, wanda shi ma gubarsa daban ce.

A asibiti ne aka fi sanin illarsa. A 1918 likitan Birtaniya J. B. Christopherson ya yi amfani da shi a Khartum wajen maganin tsargiya. Ya yi aiki, amma an riƙa samun masu mutuwar fuju'a ana cikin yi musu allura, har daga baya wani magani ya maye gurbinsa.

Abin da gubar ke yi a cikin ƙwayar tsokar zuciya shi ne ta maƙale wa gulutatayon, sinadarin da ƙwayar ke kare kanta da shi. Idan ya ƙare, gurɓatattun burbushin iskar oksijin sai su taru, su lalata bangon ƙwayar da mitokondiriya, wato injinan da ke ba ta ƙarfi. Gwaje-gwaje a kan ƙwayoyin zuciyar jariran ɓeraye sun nuna cewa ƙwayoyin kan daina bugawa, sannan su mutu. Haka kuma antimoni na ƙara yawan kalsiyam da ke kwarara cikin ƙwayar, don haka takan jinkirta komawa hutu bayan kowane bugu. Wannan jinkiri ne likita ke gani a takardar gwajin ECG a matsayin tsawaitar QT, kuma idan ya yi tsanani bugun zuciya kan rikice har ta tsaya.

Duk da haka ba a daina amfani da shi ba. Maganin da aka fi sani da Pentostam, wanda aka haɗa da antimoni, shi ne ginshiƙin jinyar kala-azar a gabashin Afirka, cutar da wani ɗan mitsitsin ƙuda ke yaɗawa, mai kashe mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba. Jihar Gadarif ta Sudan, inda Hausawa da dama ke zaune, na cikin wuraren da ta fi ƙamari. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa shi da faromomaisin, abin da ya rage kwanakin allura daga 30 zuwa 17.

Haɗarin ya fi yawa ga waɗanda suka manyanta da masu ciwon ƙoda ko na zuciya. Ƙa'ida ita ce a riƙa yi wa majinyaci gwajin ECG, to amma kala-azar cutar talakan karkara ce, kuma na'urar ba ta cika kaiwa inda suke ba, balle a Sudan da yaƙi ya ɗaiɗaita asibitocinta tun Afrilun 2023.